Babi na Shida: Kowace Lamba da Ɗakinta

A babin da ya gabata mun koyi rubuta lambobi daga 0 zuwa 9. Goma ne cif, ba za a ƙaro wata ba. Kuɗin goro, kuɗin buhun masara, har kuɗin kujerar Makka, duk da waɗannan goman ake rubuta su. Abin da ke sauyawa shi ne inda lambar ta zauna. Dubi 13 da 31. Lambobin iri ɗaya ne, amma mai awaki 31 ya fi mai awaki 13 nesa ba kusa ba.

Wannan darasi da hannu ake yin sa. Ku fara yi a aji, sannan kowa ya je gida ya zauna da ɗansa ko jikansa da ke aji ɗaya ko aji biyu na firamare, domin a nan yara da yawa suke fara tsanar lissafi.

Abin da za a tanada

A samo tsohuwar tsintsiya a kakkarya tsinkayenta, tsawon ɗan yatsa, kamar ɗari biyu. Sillen kara ma ya yi. A samo zare ko robar ɗaure kuɗi. Sai a share ƙasa a zana ɗakuna uku a jere, kowanne ya kai faɗin tafin hannu biyu. Na hannun dama shi ne ɗakin ɗai-ɗai. Na tsakiya ɗakin goma-goma. Na hagu ɗakin ɗari-ɗari.

Doka ɗaya ce: babu ɗakin da ke ɗaukar fiye da tara.

Ɗaurin goma

Ka ba yaro tsinkaye ya riƙa ajiyewa a ɗakin dama yana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku, har tara. Da ya ajiye na goma sai ka tsayar da shi: "Ɗaki ya cika. Ya za mu yi?" Ya kwashe goman ya ɗaure, ya kai ɗaurin ɗakin tsakiya. Yanzu ya dubi ƙasa: ɗauri 1 a tsakiya, ɗakin dama wayam. A ƙarƙashin ɗakunan ya rubuta 1 da 0 da yatsa. Ga goma ta fito.

Kada ka ɗaure masa. Zai yi jinkiri, zaren zai suɓuce, wani lokaci ya ɗaure tara ya ce goma ne. Ka bar shi ya kwance ya sake ƙirgawa. Yaron da aka ɗaure wa, ɗauri kawai yake gani. Wanda ya ɗaure da kansa ya san tsinke goma ne a ciki, kuma wannan sanin ne ake nema.

Ku ci gaba har ashirin, har talatin da wani abu. Sannan ka zuba masa tsinkaye cike da hannu ba tare da ka ƙirga ba, ka ce ya ɗaɗɗaure. In ya sami ɗauri 4 da ragowar tsinke 6, sai ya rubuta 4 a tsakiya, 6 a dama, ya karanta: arba'in da shida. Ka ɗora yatsa a kan 4 ɗin ka tambaye shi, "Wannan tsinke nawa ne?" Idan ya ce huɗu, da sauran aiki. Ku kwance ɗaurin ku ƙirga tare har ya ji arba'in da bakinsa.

In ɗauri ya kai goma, ɗakin tsakiya ma ya cika. A haɗa ɗauri goman a yi dami guda a kai shi ɗakin hagu. Dami 1, ba ɗauri, ba tsinke: 100.

Ɗakin da ba kowa

A nan manya ma ke tuntuɓe. A ce wa mutum ya rubuta ɗari da biyar, sai ya rubuta 100 ya liƙa 5 a gefe, ya zama 1005. Kunnensa ya bi: ya ji ɗari ya rubuta, ya ji biyar ya rubuta. Amma abin da ke kan takarda dubu ɗaya da biyar ne. Wani kuma ya rubuta 15, ya ce ai sifiri ba komai ba ne.

Koma ƙasa. Dami 1 a hagu, tsinke 5 a dama. Me ke tsakiya? Babu. To, sai a rubuta wannan babun: 105. Aikin sifiri ke nan, ya tsare ɗakin da ba kowa don kada maƙwabta su matso su cinye wurin. Ka sa yaro ya shirya 105, ya rushe, ya shirya 150, ya rushe, ya shirya 15. Ku daɗe a kan waɗannan ukun, ko da za su ci zama guda.

Haka in an ce "ashirin ba ɗaya" ko "talatin ba biyu", kamar yadda ake faɗi a kasuwa. Alƙalami bai san wannan salon ba. Sai an shirya tsinkayen an ga ɗauri 1 da tsinke 9 kafin a rubuta 19.

Waɗanda suka yi makarantar allo sukan tambaya ko lambobi ma daga dama ake karanta su. A'a. Ko a cikin Alƙur'ani, lambar aya ko lambar shafi tana da babban ɗaki a hagu, ƙarami a dama, daidai da na boko. Ba abin mamaki ba ne, asalinsu ɗaya: daga Indiya wannan tsari ya fito, malaman Bagadaza irin su Alkhawarizmi suka yi rubutu a kansa a ƙarni na 9, daga baya ya isa Turai.

Tarawa da ɗebewa

Shirya 28 a ɗakunan, ka ƙara 15. Ɗakin dama ya zama da tsinke 13, an karya doka. A ɗaure goma a tura tsakiya, 3 su rage. Tsakiya yanzu ɗauri 4 ne. Amsa 43. Wannan ɗaurin da ya ƙaura shi ne ɗan ƙaramin 1 da malamin makaranta ke rubutawa a sama yana cewa a riƙe, yara suna kwaikwayo ba su san daga ina ya fito ba.

Ɗebewa kuma canji ne. Kana da 32, an ce ka ba da 7, tsinke 2 kawai ke ɗakin dama. Ka ɗauko ɗauri ɗaya ka kwance, dama ta zama 12, tsakiya ta koma 2. Cire 7, saura 25.

Da kuɗi

Bayan mako guda ko biyu a ajiye tsinkaye. A yanka kwali a rubuta ₦1, ₦10, ₦100 da ₦1,000, a ƙara ɗaki na huɗu a hagu, na dubu-dubu. Kada a sa 'yar ashirin, 'yar hamsin, 'yar ɗari biyu ko 'yar ɗari biyar tukuna, don ba su da ɗaki a wannan tsari, rikita yaro za su yi. Takardar dubu guda 3, ba ta ɗari, ta goma guda 5, ba ta ɗaya: 3,050. Waƙafin nan da ake sawa bayan ɗaki uku daga dama don sauƙin karatu ne. Ku saba da neman sa a rasit ɗin mai POS da kuma lokacin tura kuɗi ta waya, domin tsakanin 5,000 da 50,000 sifiri ɗaya ne tak.

'Yan'uwanmu na Nijar su lura: baki da dala yake ƙirga, takarda kuwa da sefa. Abin da ake kira dala ashirin, 100 ake rubutawa. A wasan kwali a bi abin da ke rubuce a jikin kuɗin.

Aikin gida

1. Shirya waɗannan da tsinkaye, sannan ka rubuta su: sha bakwai, saba'in da ɗaya, ɗari da tara, ɗari da casa'in.
2. A cikin 172, tsinke nawa 7 take wakilta? A cikin 127 fa?
3. Da 2 da 0 da 6, rubuta adadi mafi girma da za ka iya.
4. Yi 36 a tara da 27, da kuma 50 a ɗebe 8, da tsinkaye kafin alƙalami.
5. Ka faɗa wa yaro adadi ya shirya, shi ma ya faɗa maka naka. Ka rubuta waɗanda suka ba shi wuya a littafinka, ka zo da su aji mako mai zuwa.