Yadda ake wasan bakara, kati bayan kati

Ranar da na fara ganin teburin bakara, wani wasan caca na karta, a Makau da ke ƙasar Sin, na fi minti 20 a tsaye ban gane komai ba. Wani abokin tafiyata ne, wanda ya girme ni har nake kiransa Yaya, ya ja ni muka shiga. Mutane sun yi wa tebur zobe. Mai rabo, wato ma'aikaciyar da ke raba kati, ta zaro kati 4 daga wani akwati, wani dattijo ya karɓi biyu yana lanƙwasa gefensu a hankali, yana hura musu iska, sai kawai wuri ya kaure da ihu. Aka kwashe kuɗin wasu, aka biya wasu. Na taɓa Yaya na ce, "Me ya faru?" Ya ce, "Ƙanena, Banki ne ya ci da takwas." Ban san wane banki ba, ban kuma san takwas ɗin mene ne ba.

Da muka koma masauki na sayi kwalin karta ɗaya, na zauna da biro da takarda sai da na gane kan abin. Wannan wasan, wanda ya fi kowane wasa kawo wa gidajen cacar Makau kuɗi, babu dabara ko ɗaya a cikinsa. Da zarar ka ajiye kuɗinka, hannunka ya fita daga maganar. Ba don in kai kowa gidan caca nake wannan rubutu ba. Na ga yadda rashin sanin lissafin yake sa mutum ya zaci wayonsa na aiki a wurin da wayo ba shi da ƙofar shiga, abin kuma ya dame ni.

Mu fara da kirga kati, domin nan ne komai yake. Katin A maki 1 ne. Daga 2 zuwa 9, kowanne abin da aka rubuta a jikinsa. Katin 10 da masu hoto, wato J da Q da K, duk sifili ne. Launi ko alamar kati ba ruwan wasan da su. Idan ka haɗa maki ya kai 10 ko ya wuce, sai ka jefar da goman ka riƙe abin da ya rage. Mai 9 da 7 yana da 16, a bakara 6 ke nan. Mai 8 da 2 yana da 10, wato ba shi da komai. Mai K da 9 yana da 9, kuma babu hannun da ya fi wannan. Saboda haka ba a taɓa wuce 9, wanda ya fi kusa da ita shi ya ci.

Hannu biyu kacal ake rabawa, ko mutum ɗaya ne a tebur ko 14. Ɗaya sunansa Ɗan wasa, ɗayan Banki. Wannan shi ne ya ruɗa ni da farko, domin na ɗauka Ɗan wasa ni ne, Banki kuma gidan caca. Ba haka ba ne. Sunaye ne kawai, kamar a ce dama da hagu. Kana iya zuba kuɗinka a kan Ɗan wasa, ko a kan Banki, ko a kan cewa za su yi kunnen doki. Zaɓin da kake da shi ke nan a duk wasan, kuma kafin a zaro kati ake yin sa.

Katin yana fitowa ne daga akwati mai cin kwali 6 ko 8. Kwali 8 kati 416 ke nan, 128 daga ciki sifili. Bayan an cakuɗa, akan juya katin farko a gani, a zubar da kati gwargwadon lambarsa ba tare da an buɗe ba, sannan a fara. Mai rabo zai ba Ɗan wasa ɗaya, Banki ɗaya, Ɗan wasa na biyu, Banki na biyu. Idan ɗayansu ya sami 8 ko 9 da waɗannan kati biyun, an gama, ba a ƙara wa kowa, sai a gwada a ga wanda ya fi. Idan babu mai 8 ko 9, sai a shiga maganar kati na uku.

Ƙa'idar Ɗan wasa mai sauƙi ce. Daga 0 zuwa 5 a ƙara masa kati ɗaya, 6 ko 7 ya tsaya. Idan ya tsaya, Banki ma wannan ƙa'idar zai bi. Ga misali daga takardata. Ɗan wasa ya sami 9 da 7, wato 6, ya tsaya. Banki ya sami K da 5, wato 5, dole a ƙara masa. Katin 3 ya fito, ya koma 8, ya ci.

Inda abin yake da ɗan sarƙaƙiya shi ne idan an ƙara wa Ɗan wasa kati. A nan Banki ba makin hannunsa kawai yake dubawa ba, yana duba katin ukun da ya faɗo wa Ɗan wasa. Ka lura da kyau: katin ukun shi kaɗai, ba jimillar hannun ba. Banki mai 0 ko 1 ko 2 ana ƙara masa ko mene ne ya fito. Mai 3 ana ƙara masa, sai fa idan katin ukun 8 ne. Mai 4 ana ƙara masa idan katin ukun yana tsakanin 2 da 7. Mai 5, idan yana tsakanin 4 da 7. Mai 6, sai idan katin 6 ne ko 7. Mai 7 ba ya motsi. Yadda na haddace shi ke nan: ƙofar tana ƙara matsewa yayin da makin Banki ke hawa, bakinta na sama kullum 7, na ƙasa yana tashi 2, 4, 6. Mai 3 ne kawai ya fita daban da maganarsa ta 8.

Hannu biyu sun zauna mini a kai tun daren nan. A na farko Ɗan wasa yana da 2 da Q, aka ƙara masa 8, ya koma 10, wato sifili. Banki yana da 3 kacal, amma tunda katin ukun 8 ne sai ya tsaya, ya ci da 3 ɗinsa. A na biyu Ɗan wasa yana da A da 4, wato 5, aka ƙara masa 6, ya faɗo zuwa 1. Banki yana zaune da 6, ya riga ya fi shi nesa ba kusa ba. Duk mai hankali da aka bar wa zaɓi zai tsaya. Amma ƙa'ida ta ce mai 6 ya ɗauka idan katin ukun 6 ne, aka ƙara masa 4, ya koma sifili, Ɗan wasa ya ci da maki 1. Na daɗe ina kallon wannan hannun. Dalilin ƙa'idar shi ne an gaje ta daga tsohon salon wasan, inda mai riƙe banki ba ya ganin kati biyun farko na abokin karawarsa, na ukun kaɗai ake buɗe masa, sai ya yi ƙiyasi a kansa. A wancan salon na Faransa, wanda ake kira chemin de fer, 'yan wasa ne ke karɓa-karɓar zama banki, kuma mai 5 yana da damar ɗauka ko tsayawa. Salon da ya mamaye duniya yanzu, punto banco, ya biyo ta Kuba ya shiga Las Vegas ta Amurka a 1959, shi ne ya kulle kowane zaɓi ya mai da shi doka. Yau ko ba ka haddace komai ba, mai rabo zai yi maka duka.

Sai biya. Wanda ya zuba dala 100 a kan Ɗan wasa ya ci, ribarsa 100. Wanda ya zuba a kan Banki ya ci, ribarsa 95, domin gida yana cire kamasho kashi 5 cikin 100. Kunnen doki akan biya ninki 8, kuma idan aka yi shi, masu kuɗi a kan Banki da Ɗan wasa ana mayar musu da abinsu. Mutane da yawa suna jin haushin kamashon nan, suna gudun Banki saboda shi, alhali yana da dalili. Banki ne ke ɗauka a ƙarshe bayan ya ga katin Ɗan wasa, don haka ya ɗan fi cin nasara. A akwati mai kwali 8, Banki yana ci kusan kashi 45.86 cikin 100, Ɗan wasa 44.62, kunnen doki 9.52. Ba don kamashon ba, da kowa Banki zai bi, gida ya karye.

Bayan an cire komai, ga rabon gida a kan kowace dala 100 da aka zuba, idan wasa ya yi nisa: dala 1.06 a kan Banki, 1.24 a kan Ɗan wasa, 14.36 a kan kunnen doki. Na ukun nan shi ne ramin. Ninki 8 yana da daɗin ji, amma abin da ke zuwa sau ɗaya cikin hannu 10 da rabi ya kamata a biya shi ninki 9 da rabi kafin a ce an yi adalci. Haka cacar gefe ta cewa kati biyun farko za su zo iri ɗaya, wadda ake biya ninki 11, gida yana cin sama da kashi 10 a kanta. Akwai kuma teburan da ke tallar cewa ba su karɓar kamasho. Karanta rubutun da ke kan tebur ɗin: idan Banki ya ci da maki 6, rabin kuɗi za a biya ka, rabon gida kuma ya tashi zuwa 1.46.

Dala 1.06 kamar ba komai ba ce, shi ya sa nake son a yi wannan lissafin. A ƙaramin tebur, inda mai rabo ne kaɗai ke taɓa kati, hannu 100 a awa guda ba abin mamaki ba ne. Mai zuba dala 100 a kowane hannu ya juya dala 10,000 ke nan a awa, rabon gida a ciki kusan dala 106. Wannan fa mai bin Banki ne, zaɓin da ya fi kowanne ƙarancin asara. Babu ɗaya cikin ukun da ke juya lissafin ya koma gefenka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne allon. Kowane tebur yana da allo mai haske cike da da'irori, ja na Banki, shuɗi na Ɗan wasa, kore na kunnen doki, an jera su layi-layi. Wasu ma har takarda da biro gida yake ba su su riƙa rubutawa. A dare na biyu Yaya ya tsaya a gaban wani allo da Banki ya ci sau 7 a jere. Ya ce, "Ƙanena, dubi nan. Wannan karon dole ya juya." Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, kati ba ya tuna abin da ya wuce." Ya zuba a kan Ɗan wasa, Banki ya ci na 8. Ya ninka, Banki ya ci na 9. A daidai wannan lokacin wata mata a gefensa tana bin Banki saboda allon nan dai, ita a ganinta layin da ya miƙe ba a tare shi. Allo ɗaya, karatu biyu masu karo da juna. Gidan da ya kafa allon da kuɗinsa ya san babu abin da zai rasa.

Ninka kuɗi bayan kowace faɗuwa ma haka yake. Ka fara da 10, sai 20, 40, 80, 160, 320, 640, 1,280. Faɗuwa 8 a jere ta cinye dala 2,550, kuma sai ka zuba 2,560 a hannu na 9 don neman ribar dala 10 kacal. Kowane tebur kuma yana da iyakar abin da ake zubawa, tana nan a rubuce, ita ke datse wannan hanyar tun kafin aljihu ya ƙare. Lanƙwasa kati da hura masa iska da na ga dattijon nan yana yi al'ada ce mai ƙarfi a Makau, har katin da aka yi wasa da shi sau ɗaya ba ya sake komawa akwati saboda ya lalace. Tana ƙara wa zuciya bugu, amma lambar da ke jikin katin tana nan yadda take tun kafin a miƙo shi.

Wanda aka san ya samo wata hanya shi ne Phil Ivey, ƙwararren ɗan wasan karta na Amurka. A 2012 ya ci fam miliyan 7.7 a teburin punto banco na gidan caca na Crockfords a Landan. Shi da abokiyar wasansa sun lura zanen bayan katin bai daidaita a gefe biyu ba, suka riƙa sa mai rabo ya juya wasu katunan, har suka iya gane masu daraja tun suna kife. Gidan ya ƙi biya, aka je kotu, a 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa abin da ya yi maguɗi ne. Ko shi ɗin, ba a cikin ƙa'idar wasan ya samo kafa ba, a aibin bugun katin ne.

Idan kana son ka ga gaskiyar abin da idonka, kwalin karta ɗaya da tsinken ashana sun ishe ka. Cire joka biyun, rubuta ƙa'idar Banki a takarda ka ajiye a gabanka, ka raba hannu 30 kana faɗar makin da ƙarfi. Wajen hannu na 10 za ka daina kirga goman, idonka zai riƙa ganin 6 kai tsaye idan 9 da 7 suka faɗo. Ka ware ashana kashi uku, kashi ɗaya ya bi Banki kullum, ɗaya Ɗan wasa, ɗaya kunnen doki, ka duba yadda na ukun ke zama shiru hannu bayan hannu.

A tebur na gaske akwati mai kwali 8 yana ba da hannu kusan 80. Can kusa da ƙarshensa akwai wani katin roba mai launi da ake sokawa tun wajen cakuɗawa. Idan ya fito, mai rabo zai ƙarasa hannun da ake ciki, galibi ya ƙara ɗaya, ya karɓi kamashon da ya rage a kan masu bin Banki, sannan a kawo sabon akwati. Allon kuma a goge shi tas, a fara cika shi daga da'ira ta farko.