Yadda ake gano fosfet a jikin TH da antibodi

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da dofamin (sinadarin da ke isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya), waɗanda ke mutuwa a cutar Parkinson, sun dogara ne da wani enzayim, tayirosin haidiroksiles, wato TH, mai mayar da tayirosin zuwa L-DOPA, wanda daga shi ake samun dofamin. Yawansa kaɗai ba zai gaya maka ko ya dage da aiki ba. Sai ka duba fosfet, ƙaramin sinadarin da ke daidaita aikinsa, da ke maƙale a manyan gurabensa uku: Ser19, Ser31 da Ser40. Hanyar dubawar ita ce Western blot, inda furotin ɗin da kake nema ke fitowa a matsayin layi.

Da farko zaɓi antibodi, wato furotin mai kama abin da kake nema shi kaɗai. In kuɗin ba yawa, ɗauki na Ser40, domin nan ne wani enzayim mai suna PKA ke sa fosfet, TH ya kuɓuta daga takunkumin da dofamin ke sa masa. Haɗa da na TH gaba ɗaya, don da shi za ka kwatanta na Ser40. Ranar da antibodin ya iso Zariya ka rarraba shi a ƙananan bututai, ka ajiye a sanyin da takardarsa ta ce. Mai narkewa yana sake daskarewa duk sa'ad da aka ɗauke wuta ba ya daɗewa.

Cire ƙwaƙwalwar ɓera, nan ne aikin yake. Da zarar dabba ta mutu, enzayim masu tsinke fosfet ba sa jira, ballantana a zafin Afrilu. Tanadi ƙanƙararka tun kafin ka taɓa ɓeran. Ɗora faranti a kanta, yanko sitirayatom, sashen ƙwaƙwalwa mai yawan dofamin, da hanzari, jefa shi cikin ruwan niƙa mai sanyi wanda ka riga ka sa wa sodiyum fulorayid da sauran magungunan hana tsinke fosfet. Na taɓa tsayawa neman almakashi, ƙwaƙwalwa na kan tebur. Bayan kwana biyu layin Ser40 ko inuwarsa ban gani ba, na TH kuwa ga shi ɓaro-ɓaro.

Sai ka tafiyar da furotin a jel don ya rarrabu bisa girma, ka kwashe shi zuwa membaren, siririn fallen da antibodi zai same shi a kai. Wajen toshe membaren, don kada antibodi ya maƙale ko'ina, yi amfani da BSA (furotin na jinin shanu) kashi 5 cikin ɗari a ruwan wanki na TBST. Bar madarar gari, kesin, furotin ɗin cikinta, na ɗauke da fosfet, yana iya dagula maka hoton. Antibodin ya kwana a kan membaren a digiri 4 na Celsius.

Nemi layinka kusa da kilodalton 60, ma'aunin nauyin furotin. Don tabbatarwa, sa wa samfuri ɗaya lamda fosfates, enzayim mai tsinke fosfet: layin fosfet ya kamata ya ɓace. Daga nan raba ƙarfin layin Ser40 da na TH gaba ɗaya a kowane samfuri.