Nepotism, cronyism, enchufe: inda masu fassara suke tuntuɓe a kalmomin sanayya

Kuskuren da ya fi yawa wajen fassara labarin naɗin muƙami daga Turanci ko Sifaniyanci shi ne a kwashe kalmomi biyar ko shida a zuba su cikin "son kai" ko "cin hanci". Sai mai karatu ya kasa gane takamaiman abin da ake zargin mutumin da shi. Kafin ka zaɓi kalma, bincika wa aka fifita: ɗan'uwa ne, aboki ne, ko wanda ya yi wa jam'iyya wahala lokacin zaɓe?

Nepotism na Turanci da nepotismo na Sifaniyanci asalinsu na dangi ne. Sun fito daga nipote na Italiyanci, wato ɗan ɗan'uwa, saboda fafaromomin da suka riƙa ba 'ya'yan 'yan'uwansu manyan muƙaman coci, har Fafaroma Innocent na 12 ya taka wa al'adar birki a 1692. Lokacin da Shugaba John Kennedy ya naɗa ƙaninsa Robert ministan shari'ar Amurka a 1961, wannan kalmar masu suka suka ɗauko, kuma a 1967 aka yi dokar da ta hana jami'an gwamnatin tarayya naɗa danginsu. Fassararta "fifita dangi". Jaridu kan faɗaɗa ta har ta haɗa da abokai, don haka kada ka tsaya a kan kanun labari. Idan ka karanta ka ga abokin makaranta ne aka ba kujerar, kada ka rubuta dangi.

Na abokai shi ne cronyism, kuma takwaransa a Sifaniyanci amiguismo ne, daga amigo. Masu koyo sukan ƙirƙiro "cronismo" suna zaton haka ake faɗa. Ba haka ba ne, kuma kunnen ɗan Sifaniya zai kai shi ga cronista, marubucin da ke tattara labarin abubuwan da suka faru. Sannan crony ba aboki ba ne kawai, akwai raini a cikinta. In an ce shugaba da cronies ɗinsa, "abokansa" ta wanke su. "'Yan gaban goshinsa" ko "'yan barandansa" sun fi kusa. Sifaniyanci ma yana da wannan bambancin: amigo babu laifi, amiguete da amigote su ne masu ɗauke da rainin. Shi ya sa crony capitalism, wato jari-hujjar da 'yan gaban goshin masu mulki ke cin moriyarta, wadda aka fi dangantawa da mulkin Ferdinand Marcos a Filifin daga 1965 zuwa 1986, take zama capitalismo de amiguetes a Sifaniya, a Meziko kuma capitalismo de cuates.

Wadda ta fi kayar da mutane ita ce enchufe. Ma'anarta ta yau da kullum filogin lantarki ne ko soket ɗin bango, kuma manhajar fassara takan ba ka hakan kai tsaye. Amma in ɗan Madrid ya ce "tiene enchufe", yana nufin mutumin yana da hanya, yana da uwa a gindin murhu. "Entró por enchufe" na nufin da sanayya ya shiga. "Enchufó a su cuñado" na nufin ya cusa surukinsa a aiki. Wanda aka cusa shi ne enchufado, ɗabi'ar gaba ɗaya kuma enchufismo. Lura cewa enchufe ba ta damu da ko dangi ne ko aboki ba, abin da take nunawa shi ne ƙofar baya da aka bi. A nan "sanayya" ko "alfarma" sun fi dacewa da "fifita dangi".

Kuma kada ka ɗauki kalmar Sifaniya ka kai ta ko'ina. A Meziko da Kolombiya palanca ake cewa, wato ƙarfen da ake ɗaga kaya mai nauyi da shi. A Chile pituto ne, a Ajantina acomodo, a Peru vara. A Benezuwela kuwa enchufado ta yi nauyi sosai: wanda ya yi arziki ta hanyar raɓar gwamnati ake nufi, ba wanda kawunsa ya samo masa aikin akawu ba.

A dedo, wato "da yatsa", naɗi ne ko kwangila da aka bayar ba tare da jarrabawa ko gasa ba. Dedazo a Meziko ya fi takamaimai: yadda shugabannin ƙasa 'yan jam'iyyar PRI, wadda ta riƙe mulki daga 1929 zuwa 2000, suke nuna magajinsu. Hausa tana da kalmar a shirye, ɗauki-ɗora.

Patronage ma tana da nata tarkon. A labarin siyasa ba patrocinio ba ce, domin wannan ɗaukar nauyi ne irin na kamfanin da ke tallafa wa ƙungiyar ƙwallo. Abin da ake nufi shi ne raba ayyuka don saka wa magoya baya, kuma Sifaniyanci yakan ce clientelismo. A tarihin Amurka sunansa spoils system, rabon ganima bayan cin zaɓe, wanda aka fara rage ƙarfinsa da dokar Pendleton ta 1883, bayan wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe Shugaba James Garfield a 1881.

Inda kuskure yake iya jawo ƙara kotu shi ne haɗa zargi da laifi. Amiguismo, enchufismo da a dedo suka ne na siyasa, kuma akwai muƙaman da doka ta yarda a naɗa su kai tsaye. Tráfico de influencias, influence peddling a Turanci, laifi ne da ke cikin sashe na 428 zuwa 430 na kundin dokar manyan laifuka ta Sifaniya. Idan labarin ya ce 'yan adawa suna zargin minista da amiguismo, rubuta "suna zarginsa da fifita abokansa". Kada ka ce ana tuhumarsa, sai in ka ga sunan kotu ko mai gabatar da ƙara a cikin labarin.