Yadda za ka taimaka wa tsohon soja ya samu aikin farar hula

Ranar da soja ya tuɓe kaki, yakan bar wurin da ake faɗa masa ƙarfe nawa zai tashi, wa zai yi wa biyayya, wa kuma zai ba umarni. A waje babu mai busa masa bigila. Idan kana da ɗan'uwa ko aboki da ke dab da sallama, ga yadda za ka kama masa.

Ku fara tun yana cikin kaki, domin da sanyin safiya ake kama fara. A Amurka doka ta ce a soma shirin sauya sheƙa da ake kira TAP aƙalla kwana 365 kafin sallama, kuma shirin SkillBridge yana ba soja damar yin har zuwa kwana 180 na ƙarshe yana koyon aiki a kamfani alhali albashinsa na soja yana shiga. A Birtaniya, shirin Career Transition Partnership yana tallafawa tun shekara 2 kafin fita har shekara 2 bayanta. Ka sa shi ya tambayi ofishin rundunarsa abin da aka tanada, kuma ya rubuta sunansa da wuri.

Sai takardu. Takardar sallama, shaidar kowane kwas da ya yi, da bayanan asibiti. Duk ciwon da ya samu a bakin aiki, ko na gwiwa ne ko raunin ji, ya tabbatar likita ya rubuta kafin ya fita. Bayan sallama, neman fayil sai ya zama jeka-ka-dawo.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma a ganina nan ne yawancin masu taimako suke gajiya da wuri. Soja yana da ƙwarewa, amma da yaren bariki yake faɗinta. A ce saje ne ya rubuta a takardar neman aiki: "Na riƙe sito na bataliya." Manajan da bai taɓa shiga bariki ba zai karanta ya wuce. Ka zaunar da shi, ka ɗauki biro, ka yi ta tambaya. Mutum nawa ne a ƙarƙashinka? Wane irin kaya kake ƙirgawa, sau nawa a wata? Idan mota ta lalace a hanya da kaya a ciki, wa ake kira? Za ka ga yana amsawa da "ai wannan ba komai ba ne", to daidai wannan "ba komai" ɗin kake nema. Daga amsoshinsa layin zai koma kamar haka: ya shugabanci ma'aikata goma sha biyu, ya kula da shigar kaya da fitarsu, ya tsara jigila, kuma an binciki lissafinsa ba a samu giɓi ba. Wannan mai kula da ɗakin ajiya ne wanda kowane kamfanin jigila zai gane. A goge taƙaitattun sunayen soja gaba ɗaya. Shafin O*NET na ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ma yana da wurin da ake sa lambar aikin sojan Amurka ya nuno ayyukan farar hula masu kama da shi.

Kada ka yi saurin tura shi gadi. Aikin tsaro sana'a ce, amma makanike, mai aikin sadarwa da malamin asibiti duk suna cikin soja, kuma kowa da kasuwarsa.

Na huɗu, lasisi. Wanda ya shekara goma yana tuƙa babbar motar soja yana iya buƙatar lasisin farar hula kafin a ba shi sitiyari. Haka mai ɗaure rauni a fagen daga. Ku gano takardar da ake nema, ya zauna jarrabawarta. Kuɗin sallama ya fi dacewa da wannan a kan ya zuba shi a kasuwancin da bai san kansa ba.

Daga nan ku gwada intabiyu a gida, kai ne manaja. An horar da shi ya amsa a taƙaice, kuma ya ce "mun yi", ba "na yi" ba. Duk lokacin da ya ce "mu", ka tsayar da shi: kai me ka yi? Ya shirya labari biyu ko uku na matsalar da ya warware, ba tare da ya taɓa sirrin aiki ba.

Idan ya samu aikin, kada ka janye hannu. Watannin farko suna da wuya: yaro sa'ar ɗansa zai iya zama shugabansa, a sa taro ƙarfe tara mutane su shigo tara da kwata. Ka haɗa shi da wani tsohon soja da ya riga shi fita, su riƙa waya. In ka lura barci ya ƙaurace masa, ko ƙarar rufe ƙofa tana zaburar da shi, ka raka shi wurin likita da kanka.