Yadda ake taimaka wa wanda magana ta ɗauke masa bayan shanyewar ɓarin jiki

Kusan mutum ɗaya cikin uku da suka samu shanyewar ɓarin jiki sukan tashi da matsalar magana, wadda likitoci ke kira afasiya. A yawancin mutane ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da harshe, shi ya sa sau da yawa hannu da ƙafar dama ke mutuwa, magana ta bi su. Tun 1861 likitan Faransa Paul Broca ya ba da labarin wani majiyyaci da ke gane abin da ake faɗa masa, amma "tan" kaɗai ke fita daga bakinsa. Ba hauka ba ne, ba kuma jifa ba. Mutumin yana nan da hankalinsa, kalmar ce ta ƙi zuwa.

Mataki na farko, a nemi ƙwararren mai gyaran magana. A tambaya a sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa mafi kusa. Shi zai tantance ko furtawa ce ta gagara, ko fahimta, ko duka biyun har da karatu da rubutu. Kar a jinkirta, domin an fi samun sauƙi a watannin farko, ko da yake ci gaba kan ɗore shekaru.

Na biyu, a gyara wurin zama. A kashe rediyo, a rage 'yan dubiya, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda. Ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ba ta iya tsinto kalma cikin hayaniya. Minti 20 zuwa 30 da safe, a maimaita da yamma, ya fi doguwar zama sau ɗaya a mako.

Na uku, a fara da abin da baki ya haddace. Da yawa waɗanda ba sa iya cewa "ruwa" sukan iya ƙirga ɗaya zuwa goma, su jero ranakun mako, su karanta Fatiha, ko su rera waƙar da suka sani tun yarinta. A nan za a kafa ƙafa. Ka ɗauko karin magana ka tsaya a tsakiya: "Gani ya kori..." ka yi shiru, ka bar shi ya ƙarasa. Gajerun jimloli irin "ina son shayi" a rera su da kari, ana ɗan buga hannunsa na hagu a kan kowace gaɓa, sannan a hankali a sauke karin har ta zama magana.

Na huɗu, kiran sunan abubuwa, kuma nan ne aikin yake. A kawo kayan da ya saba da su: buta, carbi, hula, ludayi, hotunan jikoki. In ya kasa cewa "buta", kar a yi saurin faɗa masa. A tambaye shi me ake yi da ita, ina ake ajiye ta, ya kwatanta da hannu. In ta ƙi, a ba shi sautin farko, "bu...". Sai daga ƙarshe a faɗa, ya maimaita. Manomi a yi masa zancen taki da iri, 'yar kasuwa a yi mata lissafin mudu da canji, wanda ke motsa tunani da riƙe abu a kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a riƙa yi wa dattijo tsawa ko magana kamar yaro, ko a tattauna lamarinsa a gabansa kamar ba ya nan. Kunnensa lafiya lau. Ka ce, "Baba, shayi ko koko?" ka jira, ko da shirun ya yi tsawo. Nuni da yatsa ko zane ma amsa ce, a karɓa.

A kula da baƙin ciki, domin yakan kama masu wannan lalura, kuma yana da magani. A ci gaba da shan maganin hawan jini yadda likita ya ce. In yana ƙwarewa wajen shan ruwa a sanar da likita, in kuma magana ta ƙara rikicewa farat ɗaya ko baki ya karkace, a tafi asibiti nan take.