Yadda na dawo da karatun littafi bayan waya ta cinye mini lokaci

Alhamdu lillahi, na koma karatu. Matsalar ita ce da na buɗe littafi, kafin in kai ƙarshen shafi hannuna ya kai ga waya. Na sayo sababbin littattafai, suka yi ƙura. Na gwada PDF a wayar, saƙonnin WhatsApp suka hana ni sakat. Karatun dare kuwa barci ke sace ni.

Ga abin da ya yi aiki. A wayar Android na shiga Settings, na taɓa Digital Wellbeing, na sa wa TikTok da Facebook iyakar minti 30 kowanne a rana. Idan lokacin ya cika, manhajar sai ta dushe, ba ta buɗuwa sai bayan 12 na dare. Sannan na mayar da cajin waya falo, littafi ya koma kusa da darduma. Da an idar da sallar asuba, minti 15 nake karantawa kafin in taɓa waya.

Zaɓen littafin ma ya taimaka ƙwarai. Na fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, don labaransa gajeru ne, ana gama ɗaya a zama guda. Na gode wa ƙanwata da ta ara mini nata.