Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta leksa ta SQL

Kafin rumbun bayanai ya fahimci umarnin da ka rubuta masa da SQL, yaren da ake yi wa rumbunan bayanai magana da shi, akwai ɓangaren da ke fara bin rubutun harafi bayan harafi yana tsinka shi gutsure-gutsure: nan kalma, nan lamba, nan zaren rubutu (wato rubutun da aka kewaye da alamar '). Shi ake kira leksa. Masu rubuta ta kan ɗauka aiki ne na yini guda, kuma yawancin kurakuransu daga wuri ɗaya suke fitowa: son a share sharhi (bayanin da rumbu ke tsallakewa, wanda ke biyo bayan -- ko yake tsakanin /* da */) da gurabe tun da farko, daga baya a zo a nemi zaren rubutu.

A duba wannan:

SELECT 'sa--ido', 'a /* b */ c';

Wanda ya fara bi ya goge duk abin da ya biyo bayan -- ya yanke zaren farko a tsakiya, ya tafi da sauran layin. Haka wanda ke raba umarni a duk inda ya ga waƙafi mai ruwa, ya manta yana iya zama cikin zare. Gyaran shi ne a bi rubutun sau ɗaya tak, leksa tana sane da inda take a kowane harafi: a fili, cikin zare, ko cikin sharhi. A cikin zare, -- haruffa ne kawai. A cikin sharhi kuma, alamar ' ba ta buɗe komai.

Zaren kansa ya fi komai wahala. A SQL, idan alamar ' tana cikin kalma, ninka ta ake yi: kalmar ma'aikata takan zama 'ma''aikata'. Leksar da ke tsayawa a alama ta biyu da ta gani za ta fito da zare biyu, ma da aikata. Saboda haka idan ta iso alamar, ta leƙa harafi na gaba tukuna. In shi ma irinta ne, ta ajiye guda ɗaya ta ci gaba.

Sai alamar \, wadda take raba kan rumbunan. MySQL na ɗaukar \' a matsayin alamar da ba ta rufe zare ba, sai dai in an kunna saitin NO_BACKSLASH_ESCAPES. PostgreSQL kuwa, tun fitowar 9.1 a 2011, harafi ce kamar kowane a zaren da aka saba, sai an sa E a gaba kamar E'a\nb'. Don haka 'C:\' cikakken zare ne a PostgreSQL, a MySQL kuma zare ne da ba a rufe ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin idan manhajarka da rumbun suka saɓa kan inda zare ya ƙare, ta nan mai kutse ke cusa nasa umarnin. Ka zaɓi yaren da kake bi, ka bi shi sau da ƙafa. In PostgreSQL ne, kada ka manta da $$...$$ da ake rubuta jikin aiki (function) a ciki, inda babu alamar da ke buƙatar ninkawa.

Alamar " ma ana yawan rikita ta da '. A ƙa'idar SQL suna take kewayewa, na tebur ko na shafi. MySQL kuwa tana karɓarta a matsayin zare in ba a kunna ANSI_QUOTES ba.

Wajen sharhi, kuskuren da ya fi yawa shi ne goge shi a manne abin da ke gefensa biyu. SELECT/**/1 umarni ne ingantacce, amma in ka goge sharhin ya koma SELECT1. Sharhi gurbi ne, yana raba kalmomi. Akwai kuma sharhi cikin sharhi: PostgreSQL na ƙirga kowane /* da */ ɗinsa, SQLite kuwa tana rufewa a */ na farko, to sai ka san ko kana buƙatar ƙirga zurfi. MySQL ba ta ɗaukar -- a matsayin sharhi sai gurbi ya biyo baya, don 5--1 ya tsaya lissafi, ya ba da 6. Kuma ba kowane sharhi ake zubarwa ba: MySQL na aiwatar da abin da ke cikin /*! */, Oracle na karanta /*+ */ a matsayin shawara kan hanyar bincike.

Gurabe su ne suka fi sauƙi, amma sabon layi yana da aiki. Shi ke rufe sharhin --, don haka mayar da umarni layi ɗaya yana iya sa sharhi ya haɗiye sauran. A PostgreSQL ma 'ab' da 'cd' in sabon layi ya raba su zare ɗaya ne, in suna layi guda kuskure ne.

Na ƙarshe, idan rubutu ya ƙare zare bai rufe ba, kada ka nuna wa mai amfani ƙarshen fayil. Ajiye lambar layin da zaren ya buɗe tun lokacin da ka shiga, can za ka nuna masa, domin can zai yi gyara.